Yadda Ake Aron Sanannen Kari a Cikin Solon Jaz

Ranar 13 ga Fabrairun 1960, a birnin Berlin na Jamus, mawaƙiyar jaz Ella Fitzgerald ta rera "How High the Moon" a gaban dubban mutane. Ta fara da baitocin kamar yadda kowa ya san su, sai makaɗa suka ƙara sauri, ita kuma ta ajiye kalmomi ta shiga ƙirƙira da murya tsura. Cikin 'yan mintocin nan ta gutsuro karin waƙoƙi fiye da goma ta zuba a kan kiɗa ɗaya, ciki har da "A-Tisket, A-Tasket" wadda ta fito da sunanta a 1938, da "Smoke Gets in Your Eyes", da "Ornithology" da aka fi sani da mai saksofon Charlie Parker. Yawancinsu layi ɗaya ko rabin layi kawai ta taɓa ta wuce. Faifan yana nan, sunansa Ella in Berlin, kuma duk mai son koyon wannan fasaha ya kamata ya saurare shi har ya haddace.

Abin da ta yi shi ne aron kari: kana tsakiyar solo, kana ƙirƙirar naka layin nan take, sai ka jefo ɗan guntun wata waƙa da mai sauraro ya sani, ka koma hanyarka. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Mai kalangu yana cikin kiɗan taro, da ya hango wani babba ya shigo sai ya ratsa da takensa, kowa ya waiwaya don ya ji sunan da ba a furta ba, makaɗi kuma ya koma kiɗansa ba tare da hannunsa ya yi tuntuɓe ba. Aikin ke nan. Shiga aro ba wuya, ɗalibin wata shida ma zai iya. Gwaninta tana wurin zaɓen gurbi da kuma fita, kuma a nan jagorar nan za ta fi daɗewa.

Kafin komai, mu daidaita kalmomi. Kod shi ne sautuka uku ko huɗu da mai fiyano ko jita ke bugawa tare. Gaɓa ita ce bugu huɗu, ɗaya-biyu-uku-huɗu. Zagaye shi ne tafiyar waƙa daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya, gaɓa 12 a buluz (blues, kiɗan baƙaƙen Amurka), gaɓa 32 a yawancin tsoffin waƙoƙin Amurka. Mazauni kuwa shi ne abin da makaɗanmu ke ce wa ki (key), wato sautin da waƙa ta ɗauka ya zama do ɗinta.

Mataki na farko: tara kari da do-re-mi

Ɗauki littafi ka rubuta waƙoƙi goma da za ka iya rerawa ko da an tashe ka daga barci. Farkon kowace kawai kake buƙata, sauti biyar zuwa goma. Kada ka rubuta su da haruffan da ake kiran sautuka da su, irin C, D, E. Rubuta su da do-re-mi, yadda ake koya a ƙungiyar mawaƙan coci da ban ɗin 'yan sanda. Dalili kuwa, karin da ka haddace da haruffa ya maƙale a mazauni ɗaya, wanda ka haddace da do-re-mi yana bin ka duk inda waƙa ta je. Ga mai busa taramfet ko saksofon abin ya fi zama dole, tunda C ɗinsa ba C ɗin mai fiyano ba ne.

Ga misalai uku da za mu yi aiki da su. Ƙararrawar agogon Westminster na Landan, wadda agogon bango da yawa ke kwaikwaya: mi do re so, so re mi do, so ɗin na ƙasa ne. "Jingle Bells": mi mi mi, mi mi mi, mi so do re mi. "Happy Birthday": so so la so do ti.

A gefen kowanne ka rubuta sautin da ya fara da shi da wanda ya fi daɗewa a kansa. "Jingle Bells" zaune take daram a kan mi. "Happy Birthday" ta tashi daga so ta sauka a kan ti. Wannan ɗan bayanin shi zai gaya maka inda kowace za ta shiga.

Sannan ka zagaya da kowane kari mazauni goma sha biyu, a jere kamar haka: C, F, B♭, E♭, A♭, D♭, G♭, B, E, A, D, G. Kunna metronom, wato manhajar ƙirga bugu, a wayarka, sa shi a 80, kada ka yi gaggawa. Kari ɗaya a rana ya isa. Wannan matakin ba shi da daɗi, amma wanda ya tsallake shi zai ji karin a kansa a tsakiyar solo, yatsunsa su kasa samo shi kafin gurbin ya wuce.

Mataki na biyu: san gidan da za ka kai baƙo

Ba a aro a kan waƙar da ba a riƙe jerin kod ɗinta ba. Fara da gida biyu. Na farko buluz a mazaunin F: F7, B♭7, F7, F7, B♭7, B♭7, F7, D7, Gm7, C7, F7, C7, kowanne gaɓa ɗaya. Na biyu jerin kod na "I Got Rhythm", waƙar George Gershwin ta 1930, wanda makaɗan jaz suka gina waƙoƙi masu tarin yawa a kansa. A mazaunin B♭ yana farawa da B♭, Gm7, Cm7, F7, kowanne bugu biyu. Ka iya buga su, ka iya rera tushen kowane kod, wato sautin da kod ɗin ke ɗauke da sunansa, ka san gaɓar da kake ciki ko da idonka a rufe. Manhajar iReal Pro za ta riƙe maka kiɗa idan babu abokan aiki kusa.

Mataki na uku: nemo gurbi

Ƙa'idar ɗaya ce. Sautin da kari ya daɗe a kansa, ko wanda ya faɗo a bugu na ɗaya da na uku, ya kasance yana cikin kod ɗin da ke ƙarƙashinsa. Sautukan da ke wucewa da sauri ba su cika damun kunne ba.

Gwada ƙararrawar Westminster a kan "I Got Rhythm". A mazaunin B♭, mi do re so ya zama D, B♭, C, F. Ba kowanne bugu biyu. D yana cikin kod ɗin B♭, B♭ yana cikin Gm7, C shi ne tushen Cm7, F shi ne tushen F7. Sauti huɗu, kod huɗu, kowanne ya faɗa ɗakinsa. Buga shi sau da yawa har kunnenka ya riƙe yadda dacewa take, domin wannan jin shi za ka riƙa nema nan gaba ba tare da lissafi ba.

Idan kod ɗin ƙarami ne (minor, mai alamar m), irin Dm7, ƙirga hawa uku daga tushensa, D, E, F, ka ɗauki wannan sauti na uku ka mai da shi do. A kan Dm7, do ɗinka F ne, duk karin da ka buga a mazaunin F zai zauna lafiya. Idan kuma kod ɗin babba ne (major) ya daɗe, irin Cmaj7 na gaɓa biyu ko huɗu, kana da zaɓi biyu. Ka buga karin a C, ya fito sarai. Ko ka ɗaga shi zuwa G, inda do re mi so la suka zama G, A, B, D, E, sautukan da ke ba kod ɗin haske. Mai sauraro zai gane karin, amma zai ji shi da wani launi da bai saba ba. Ni na fi son na biyun, domin a nan ne aro ke fara zama naka.

Wani lokaci gurbin a fili yake tun asali. "Ornithology" an gina ta ne a kan jerin kod na "How High the Moon", shi ya sa Ella ta iya dogon zango a cikinta ba tare da ta lanƙwasa komai ba. Duk waƙoƙin da suka haɗa jerin kod suna iya aro daga juna kai tsaye. Kowane karin buluz zai hau kan wani buluz.

Mataki na huɗu: lanƙwasa shi ya bi kiɗa

Mafi yawan lokuta kari zai dace da rabi, ya yi karo da rabi. Kada ka jefar da shi, gyara shi za ka yi.

Ɗora "Jingle Bells" a farkon buluz ɗin F. Gaɓar farko A, A, A a kan F7, lafiya lau. Gaɓa ta biyu kod ya koma B♭7, wanda ke ɗauke da A♭, kai kuma karinka na cewa A. Idan ka nace, za a ji tsami mara dalili. Sai ka sauke shi rabin taki, wato zuwa sauti mafi kusa a ƙasansa, abin da alamar ♭ ke nufi ke nan: A♭, A♭, A♭. Gaɓa ta uku F7 ya dawo, ka ci gaba da A, C, F, G. Babu wanda zai kasa gane waƙar, amma yanzu ta sha ruwan buluz, kuma duk makaɗin da ke wurin ya san kana jin kod ɗin da ke ƙarƙashinka.

Abin da mutane ke gane kari da shi biyu ne: hawa da saukarsa, da tsarin bugunsa. Muddin ka riƙe ɗaya da kyau, za ka iya wasa da ɗayan. "Happy Birthday" a bugu uku-uku take, jaz kuma galibi huɗu-huɗu. Ja sautin ƙarshe ya cike gurbi, ko ka matse na farko biyun su zama shimfiɗa kafin bugu na ɗaya. Haka nan kowane kari da ka aro, ba shi irin tafiyar da mai ganga ke yi a bayanka. Idan ganga na rangaji kai kuma ka buga karin a miƙe kamar faretin makaranta, zai fito daban kamar an manna shi.

Gwada fara kari ɗaya daga wurare huɗu: kan bugu na ɗaya, rabin bugu kafinsa, kan bugu na biyu, kan bugu na uku. Gwada ninka saurinsa, gwada rage shi rabi. Za ka tarar wanda ya fara a makare kaɗan ya fi shiga jikin solo, domin kunne ba ya jin an buɗe sabon shafi.

Mataki na biyar: shiga, sannan fita

Kada ka yi shiru, ka gyara tsayuwa, sannan ka saki aro kamar mai sanarwa. Shirya masa hanya. Idan "Jingle Bells" kake nufi, gaɓa biyu kafin nan ka fara maimaita sauti ɗaya sau uku a cikin layinka. Lokacin da karin ya bayyana, zai zama kamar layin ne ya haife shi. Mafi kyawun aro ma shi ne wanda ba ka shirya ba: ka buga sauti uku, kunnenka ya ce ai wannan farkon waƙa kaza ne, ka bi shi. Dalilin wahalar matakin farko ke nan, don hannu ya kasance a shirye ranar da kunne ya yi kira.

Fita kuwa ita ce inda yawanci ake faɗuwa. Mutum ya buga aro, jama'a su yi sowa, shi kuma ya tsaya ba shi da abin cewa, sai ya koma gudun sikeli, wato hawa da saukar do-re-mi a jere. Ga hanyoyi uku da za ka yi atisaye a kansu.

Ta farko, hana karin ƙarshensa. A misalinmu, bayan A, C, F, G kowa na jiran A. Maimakon haka buga E♭ a gaɓa ta huɗu, ka sauka rabin taki zuwa D daidai lokacin da B♭7 ya shigo a gaɓa ta biyar. E♭ shi ne na bakwai na F7, D kuma na uku na B♭7, wannan saukar ita ce ƙashin bayan buluz. Ka fita daga waƙar aro ka shiga tsakiyar taka da taki ɗaya.

Ta biyu, riƙe bugun ka canza sautuka. Gajere, gajere, dogo na "Jingle Bells" zai iya ɗaukar ka gaɓa takwas, kana sa masa sautukan kowane sabon kod. Mai sauraro zai ji inuwar waƙar tana bin ka bayan ita kanta ta tafi.

Ta uku, ɗauki sauti uku na ƙarshe ka mai da su iri. Do re mi na wutsiyar karin, maimaita shi daga wani sauti, juya shi ya sauko, tsawaita shi. A ganina wannan ita ce hanya mafi daraja, domin aron ya zama abin da sauran solon ya tsiro daga gare shi. Saurari mai saksofon Sonny Rollins da wannan kunnen, ka ji yadda yake riƙe ɗan guntun tunani yana jujjuya shi zagaye bayan zagaye.

Game da tsawo: gaɓa biyu, in ya yi yawa huɗu. Da zarar ka ga an gane, aikin ya ƙare. Sau ɗaya ko biyu a solo ya wadatar. Ella ta jera fiye da goma, gaskiya ne, amma tsakaninsu akwai ƙirƙirarta mai ƙarfi da za ta tsaya da ƙafarta ko da an cire aron duka. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mataki na shida: me kake faɗa da shi

Manyan makaɗa ba su aro don kawai sautuka sun dace. Louis Armstrong, a faifansa na "Ain't Misbehavin'" na 1929, ya ratsa da guntun "Rhapsody in Blue" na Gershwin, kiɗan da aka fara gabatarwa shekara biyar kafin nan a zauren manyan kaɗe-kaɗe. Charlie Parker, a "Ko-Ko" na 1945, faifan da ke cikin waɗanda suka kafa sabon salon bibop, ya jefo farkon solon kilarinet na "High Society" da ake dangantawa da Alphonse Picou na New Orleans. Yana gudun da ba a saba ji ba, amma ya waiwaya ya gaida magabata. Dexter Gordon, wanda ya fi kowa suna a wannan fanni, ya buɗe "Three O'Clock in the Morning" a faifan Go na 1962 da ƙararrawar Westminster. Waƙa na maganar ƙarfe uku na dare, sai ga agogo ya buga. Gordon ya san kalmomin waƙoƙin da yake busawa, har yakan karanto baiti ga jama'a kafin ya sa saksofon a baki. Koyi da shi: san abin da waƙar da ka aro ke cewa, domin wanda ya gane karin, kalmomin ne ke zuwa masa a zuci.

Wannan ya kawo mu ga wanda ke zaune a gabanka. Aron da ba a gane ba layi ne kawai kamar sauran. Idan a Jos kake wasa, ko Kaduna, ko Yamai, tsoffin waƙoƙin Amurka da Gordon ke gutsurowa ba za su motsa kowa ba sai ɗaiɗaiku. Cika littafinka da abin da ɗakin ya sani: waƙar gaɗa, waƙar biki, amshin tsoffin makaɗa, kiɗan buɗe shirin rediyo da aka tashi da shi. Da yawa daga karin gargajiyarmu a kan sauti biyar suke tafiya, kuma irin waɗannan su ne suka fi sauƙin zama a kan buluz da kod mai daɗewa, kamar yadda muka gani a mataki na uku. Haɗuwar ba sabuwa ba ce. Yusef Lateef, ɗaya daga manyan masu busa na Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kiɗan ƙasar nan, musamman sarewar Fulani.

Sai dai karin Hausa yana da sharaɗinsa. Harshenmu mai karin sauti ne, hawa da saukar waƙa na bin hawa da saukar kalmomi. Za ka iya sauke sauti rabin taki ya bi kod, amma inda karin ya hau kada ka saukar, in ba haka ba kalmomin da mai sauraro ke ji a zuci sun watse. Kuma akwai ladabi. Karin bege da na waƙoƙin ibada ba na wurin shaƙatawa ba ne. Taken sarauta yana da mai shi. Waƙar zambo ko habaici, ko babu kalma ɗaya, wanda aka yi dominsa zai ji ta, danginsa ma za su ji. A waƙa mai sanyi ta baƙin ciki kuma, guntun kari mai ban dariya zai rushe abin da mawaƙi da sauran makaɗa suka ɗauki mintoci suna ginawa.

Akwai kuma tarkon nasara. A 1955 Thad Jones ya buɗe solonsa na taramfet a "April in Paris" na ƙungiyar Count Basie da "Pop Goes the Weasel". Faifan ya karɓu sosai, har jama'a suka riƙa jiran wannan guntun a kowane wasa, ya zama kamar wani ɓangare na rubutaccen kiɗan. Idan wani aro ya jawo maka tafi a daren Juma'a, zuciya za ta so ka maimaita shi ranar Asabar a gurbi ɗaya. Ajiye shi wata guda, ko ka kai shi wata waƙa a wani mazauni.

Tsarin atisaye

Minti ashirin a rana ya isa. Biyar na farko, kari ɗaya a mazauni goma sha biyu. Biyar na biyu, kunna buluz ka tilasta wa karin nan shiga gaɓa ta 1, sannan ta 5, sannan ta 9, kana gyara duk sautin da ya yi karo. Goman ƙarshe, yi solo na zagaye uku: na farko babu aro ko kaɗan, na biyu aro sau ɗaya, na uku ka gina shi kacokan daga abin da aron ya bar maka. Ɗauki sautin da wayarka, ka saurara washegari da kunnen da ya huta. Abin dubawa shi ne gaɓa biyu kafin aron da gaɓa huɗu bayansa. Idan ka ji ɗinki a ɗaya daga wuraren nan, koma mataki na biyar.

In kana da abokin kiɗa, ku yi musayar gaɓa huɗu-huɗu. Shi ya jefo guntun waƙa, kai ka karɓa daga inda ya tsaya ka fitar da ita ta ɗaya daga hanyoyi ukun nan, sannan ku juya. Mai fiyano da mai bes su ma su san me ake ciki, domin idan suka gane karin za su iya sauƙaƙa kod ɗin su ba shi fili, ko su amsa maka da rabinsa na biyu. Bayan mako biyu a buluz ɗin F, koma B♭, sannan ka ɗauki "I Got Rhythm" ka sake bin matakan daga na uku.